Godzilla: Dodo Ɗaya, Amma Kowane Zamani da Wanda Yake Ɗora wa Laifi

Tambaya: Na kalli fina-finan Godzilla kala uku, na Japan ɗaya, na Amurka biyu, kuma duk abu guda nake gani: ƙaton ƙadangare ya fito daga teku ya tattake gari. Me ya sa ake ta maimaita shi shekara da shekaru? Da gaske akwai ma'ana a ciki, ko masu sharhi ne ke neman abin faɗa?

Amsa: Ma'anar tana nan, kuma a fim na farko ba a ma ɓoye ta ba. Matsalar ita ce yawancin mutane ba su ga fim na farkon ba, ko kuma sun ga wanda aka yi wa aski. Idan kana son gane kowane Godzilla, bar kallon dodon, ka tambayi abu biyu: wa fim ɗin ya ce ya tashe shi, kuma bayan ya wuce, kyamara tana bin sa ne ko tana tsayawa a kan waɗanda ya taka?

Sai an fara da abin da ya faru wata takwas kafin fim ɗin ya fito. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran Bikini da ke tekun Pasifik. An yi lissafin ƙarfinsa zai kai megatan 6, sai ya tashi da 15. Wani jirgin masunta na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a ciki, yana kamun kifin tuna a wajen iyakar da Amurka ta shata. Bayan 'yan sa'o'i wata farar toka ta fara sauko musu kamar ƙurar hunturu, tana manne musu a gashi da fata. Murjanin tsibirin ne da bam ya niƙe, ɗauke da gubar nukiliya. Sun koma tashar Yaizu ranar 14 ga Maris fatarsu ta ƙone, gashi na zuba. Ranar 23 ga Satumba mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu. A tsakanin nan kasuwar kifi ta Japan ta shiga ruɗani: ma'aikata na yawo da na'urar auna tururin nukiliya a kan tuna, ana binne wanda ya kamu, ana zubar da wani a teku. Ƙasar da kifi ne cimarta ta yau da kullum ta wayi gari tana tsoron abin da ke cikin akushinta. Matan unguwar Suginami a Tokyo suka fara tattara sa hannun neman a hana irin wannan bam, abin ya bazu har ya kai wajen mutum miliyan 30.

Ƙara da wannan: Amurka ta riƙe Japan daga 1945 zuwa Afrilun 1952, kuma a shekarun farko na mamayar akwai takunkumi mai tsanani kan abin da jarida da fim za su faɗa game da Hiroshima da Nagasaki. Baki ya daɗe a ɗaure.

A cikin wannan yanayi kamfanin Toho ya fitar da Gojira, wato Godzilla na farko da sunansa na Japananci, ranar 3 ga Nuwamba 1954. Furodusa Tomoyuki Tanaka, darakta Ishiro Honda, mai dabarun hoto Eiji Tsuburaya, mai kiɗa Akira Ifukube. Kada a ɗauka niyyar wa'azi ce ta haifi fim ɗin. Wani fim da Tanaka ya shirya yi da Indonesiya ne ya wargaje, yana neman abin da zai cike gurbi, ga shi kuma an sake nuna King Kong na 1933 a 1952 ya yi kasuwa, sannan a 1953 Amurkawa sun yi The Beast from 20,000 Fathoms, inda gwajin bam ya tashi wata dabba. Ciniki ne ya kawo shawarar. Amma mutanen da aka damƙa wa aikin sun ga yaƙi da idonsu. Honda soja ne da aka kai Sin, kuma da aka dawo da shi a 1946 ya ratsa ta Hiroshima. Sunan dodon haɗi ne na kalmomin Japananci biyu: gorira, wato goggon biri, da kujira, ƙatuwar dabbar tekun nan da ta fi kowace halitta girma.

Fim ɗin ya buɗe da ma'aikatan jirgi a zaune a kan bene, wani na kaɗa jita. Sai wani haske ya tashi daga ruwa, jirgi ya kama wuta. Duk ɗan Japan da ya biya tikiti a watan nan ya san jirgin da ake nufi. Daga nan labarin ya koma tsibirin Odo, inda masunta ke dawowa da koma wayam, wani tsoho kuma ya ce dodon da kakanni ke ba wa hadaya ne ya dawo. Masanin halittun da suka shuɗe, Dakta Yamane, ya auna sawun ƙafar dabbar ya tarar da tururin nukiliya, ya gaya wa majalisa cewa gwaje-gwajen bam ne suka kore ta daga mazauninta. Nan take majalisa ta kaure: wani ɗan majalisa ya ce a rufe maganar kada dangantaka da ƙasashen waje ta lalace, wata 'yar majalisa ta miƙe ta ce gaskiya gaskiya ce, a faɗa wa jama'a. Ba a ambaci wata ƙasa da suna ba. Ba a buƙata.

Inda fim ɗin ya bambanta da duk 'yan uwansa shi ne daren da dodon ya ƙone Tokyo da kuma safiyar da ta biyo baya. Akwai wata mata da ta tsuguna a gindin wani gini ta rungume 'ya'yanta uku, wuta na zubowa, tana rarrashinsu da cewa saura kaɗan su je wurin babansu. Fim bai gaya maka inda uban yake ba; a 1954 kowa ya san yaƙi ne ya cinye shi. Da gari ya waye, sai asibiti: mutane kwance a ƙasa babu masaka tsinke, likita ya kara na'ura a jikin wani yaro, na'urar ta hau ƙas-ƙas-ƙas, likitan ya ɗago ya girgiza kai. Hoton garin da ke ci da wuta kuma ba Hiroshima kaɗai yake tunowa ba. Daren 9 zuwa 10 ga Maris 1945 jiragen Amurka sun yi wa Tokyo ruwan bama-baman wuta, mutum wajen 100,000 suka mutu. 'Yan kallon suna zaune ne a garin da aka sake ginawa a kan wannan tokar.

Shi kuma maganin dodon ya zo da nasa ciwon. Dakta Serizawa, matashin masani da ya rasa ido ɗaya a yaƙi, ya gano wani sinadari mai kashe iskar oksijin a ruwa, ya narkar da duk mai rai ya bar ƙashi. Ya ƙi fito da shi, don ya san gwamnatoci za su mai da shi makami. Da ya amince, sai ya ƙona takardunsa, ya nutse da kansa, ya kunna na'urar, sannan ya yanke igiyarsa da bututun iskarsa, don ilimin da ke kansa kada wani ya matsa masa ya faɗa. Babu murna a ƙarshen. Yamane ya yi gargaɗin cewa in aka ci gaba da gwajin bam, wani zai sake fitowa.

Yanzu batun yadda aka yi shi, don nauyin da kake ji a fim ɗin ba daga labari kaɗai ya zo ba. Tsuburaya ya so ya bi hanyar King Kong: a sassaƙa ƙaramin mutum-mutumi, a motsa shi kaɗan, a ɗauki hoto ɗaya, a sake motsa shi, a sake ɗauka, hoto 24 kafin a samu daƙiƙa guda. Babu lokaci, babu kuɗi. Sai aka ɗinka riga ta roba a kan firam na gora da waya, aka cusa mata auduga, aka sa mutum a ciki. Haruo Nakajima ne ya fi ɗaukar aikin. Rigar farko ta kai kilo 100, ta yi tauri har ba ta lanƙwasuwa, dole aka sake wata. Ramukan gani da numfashi suna wuyan dodon, kan kuma yana can sama da kan mutumin.

An ce tsawon dodon mita 50 ne, rigar kuma wajen mita 2, don haka aka gina Tokyo a ma'aunin ɗaya bisa 25. A nan wata matsala take, wadda duk mai son yin irin wannan fim sai ya san ta. Tubalin da ya faɗo daga mita 50 yana ɗaukar daƙiƙa uku da 'yan kai kafin ya taɓa ƙasa. Wanda ya faɗo daga mita 2 kuwa bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kusan kashi biyu cikin uku ne na daƙiƙa. Ido ya san wannan ko da mai idon bai yi makaranta ba, shi ya sa ƙaramin gini in ya rushe da sauri nan take kake cewa abin wasan yara ne. Maganin shi ne a sa kyamara ta yi gudu fiye da ƙa'ida, a haska a gudun da aka saba, komai ya yi nawa. Lissafin yana bin tushen ma'aunin ne: 25 sau biyar biyar ne, don haka a ka'ida kyamara za ta ninka gudunta sau 5, hoto 120 a daƙiƙa maimakon 24. Amma kowane hoto yana samun ɗan haske ne kawai in kyamara na gudu haka, sai an ƙara fitilu, fitilu kuma zafi ne. Mutumin da ke cikin roba ba ya wuce 'yan mintoci sai an fito da shi, wani lokacin a sume, a juye gumi daga ƙafar rigar. Kuma dole ya yi motsi da hanzari a gaban kyamara don tafiyar ta fito da nauyi a majigi.

Gine-ginen ma sai an yi musu dabara. In an yi su da ƙarfi, dodo ya taka su ƙi karyewa. In an yi su fanko, su fashe kamar ƙwarya a gane. Sai a zuba su da farar ƙasa ta filasta, a tsattsaga inda ake so su karye, a sa musu bene da bango a ciki. Turakun lantarkin da suka narke da numfashin dodon da kakin zuma aka yi su, aka kunna musu fitila mai zafi. Abin da ba ya jin magana shi ne ruwa da wuta: ɗigon ruwa girmansa ɗaya ne ko a kwatarniya ko a teku, don haka in ya fantsama kusa da ƙaramin jirgi sai asiri ya tonu. Fim mara launi da duhun dare su suka rufa wannan asiri a 1954, tare da ajiye kyamara a ƙasa tana kallon sama kamar idon mai gudu. Da aka koma fim mai launi da rana tsaka a shekarun 1960, aka kuma ɗaga kyamara zuwa kafaɗar dodo don a nuna kokawa, sai roba ta koma roba. Kukan dodon kuwa ba na wata dabba ba ne. An gwada na dabbobi bai yi ba, sai Ifukube ya kawo shawarar a sassauta tsirkiyar ƙatuwar gogen nan ta Turawa da ake kaɗawa a tsaye, a shafa wa safar hannu ta fata ƙaro, a ja ta a kan tsirkiyar, sannan a rage saurin faifan.

Mutum wajen miliyan 9.6 suka kalle shi a Japan. Amma wanda duniya ta sani ba shi ba ne. Amurkawa suka saya, suka fitar da nasu a 1956: Terry Morse ya ɗauki sababbin fitowa da Raymond Burr a matsayin ɗan jarida Ba'amurke, aka cusa su a ciki, minti 96 ya koma 80 duk da ƙarin da aka yi. Ba a goge maganar bam gaba ɗaya ba, a yi musu adalci. Amma hirar da fasinjoji ke yi a jirgin ƙasa, inda wata ke cewa da ƙyar ta tsira daga Nagasaki, ta tafi. Gargaɗin Yamane na ƙarshe ya tafi. Matar nan mai 'ya'ya uku tana nan, sai dai ba a fassara abin da take faɗa ba. Sai a 2004 aka nuna na asalin a gidajen sinima na Amurka sosai.

A Japan ɗin ma kasuwa ta ja shi wani wajen. King Kong vs. Godzilla na 1962 ya fi kowanne jan 'yan kallo, daga 1964 dodo ya fara zama mai kare duniya, ya yi ɗa, ya yi rawa, yara suka zama masu sayen tikiti. Wanda ya cancanci a tsaya a kai a wannan zango shi ne na 1971, inda abokin gabar, Hedorah, halitta ce da dattin masana'antu ya raina, a lokacin da shari'ar cutar Minamata da asmar Yokkaichi, cututtukan da gubar masana'antu ta jawo a Japan, ke gaban kotu. Bayan 1975 aka dakata. Da aka dawo a 1984 sai aka ƙara masa tsawo zuwa mita 80, don dalili mai sauƙi: a 1954 doka ta hana gini a Tokyo ya wuce mita 31, amma a 1984 benayen unguwar Shinjuku sun haura mita 200, dodo mai mita 50 zai zama kamar akuya a gindin kuka. Tsoron wannan karon Yaƙin Cacar Baka ne: jakadun Amurka da Tarayyar Soviet suna matsa wa firaminista ya bari a jefa nukiliya a ƙasarsa, shi kuma ya ƙi.

Ga inda tambayar farko, ta wa ya tashe shi, ke yin aiki. A fim ɗin Roland Emmerich na 1998 gwajin bam na Faransa ne a tsibiranta na Pasifik ya mayar da wani ƙadangare irin damo ya zama dodo. Faransa ta yi gwaje-gwajen da gaske, na ƙarshe a 1995 zuwa 1996, kuma mu ma nan mun san halinta: a 1960 ta fara tayar da nata a Reggane cikin Saharar Aljeriya, har gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da ita a Janairun 1961. Amma fim ɗin Amurka da ya ɗauki labarin da bam ɗin Amurka ya haifa ya miƙa wa wani laifin, wannan wanke kai ne. Kuskuren da ya fi kashe fim ɗin kuwa na sana'a ne. Dodon yana gudu, yana ɓuya, yana neman kifi, ya saka ƙwai a zauren wasanni na Madison Square Garden da ke New York, a ƙarshe jiragen yaƙi suka harbe shi a kan gadar Brooklyn ya mutu. Dabbar da makami mai linzami ke kashewa ba ta wuce matsalar soja ba. Na 1954 kuwa an yi shi ne don a nuna abin da soja ba shi da maganinsa.

Na Gareth Edwards na 2014 ya gyara nauyin, ya mayar da kyamara ƙasa, a kallo ya fi kyau nesa ba kusa ba. Amma ka saurari abin da ya ce game da 1954: wai gwaje-gwajen Pasifik ba gwaji ba ne, yunƙurin kashe dodon ne. Bam ɗin da ya ƙone masunta 23 ya zama garkuwar ɗan Adam. A ci gabansa na 2019 an kai matuƙa: wani masani mai suna Serizawa, sunan da aka aro daga mutumin da ya mutu don kada a samu sabon makami, shi ne ya ɗauki bam ɗin nukiliya ya tayar don ya farfaɗo da Godzilla.

Fim ɗin Japan mai suna Shin Godzilla na 2016, na Hideaki Anno da Shinji Higuchi, ya juya yatsan zuwa cikin gida. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 da igiyar tsunami suka afka wa arewa maso gabashin Japan, tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi ta lalace. A fim ɗin, dodon ya fara shigowa ta kogi yana tura jiragen kwale-kwale da motoci a gabansa, sak hotunan da aka gani a talabijin a ranar. Manya kuwa suna taro, su tashi daga wannan ɗaki su koma wancan don a sake wa taron suna. Firaminista ya sa shuɗiyar rigar aiki ya gaya wa 'yan jarida cewa dabbar ba za ta iya hawowa tudu ba, yana cikin magana aka raɗa masa cewa ta hau. Maganin ma daga Fukushima aka aro siffarsa: motocin tura kankare ne suka ɗura masa sinadarin daskarar da jini a baki, yayin da Amurka da Kwamitin Sulhu ke ƙirga sa'o'in jefa nukiliya a Tokyo. Bai mutu ba, daskarewa ya yi a tsakiyar gari, dole a zauna da shi. Masu sukar fim ɗin na cewa ya cika yabon rundunar tsaron kai ta Japan da matasan jami'an gwamnati, kuma talakan da aka taka ba ya samun fuska. Sukar tana da tushe.

Godzilla Minus One na Takashi Yamazaki, 2023, ya koma 1945 zuwa 1947, dodon ya koma mita 50 da ɗoriya. Jarumin matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake ne da ya ƙi mutuwa, yana ɗauke da kunya. Gwamnati ta yi shiru, Amurka ta janye hannu, tsofaffin sojojin ruwa suka haɗa dabara: a ɗaura wa dodon tankunan gas, kumfa ta rage ƙarfin ruwan da ke ɗauke da shi ya nutse mita 1,500 a mashigin tekun Sagami, in matsin ruwa bai kashe shi ba a cillo shi sama da balan-balan. Abin da fim ɗin ke tuhuma shi ne ƙasar da ta arha da ran 'ya'yanta, shi ya sa kujerar da ke cilla matuƙi waje ta fi bam ɗin da ke cikin jirgin muhimmanci a labarin. Mutum 35 ne suka yi dabarun hotonsa, fitowa 610, suka ci kyautar Oscar a 2024. Raunin da yake da shi tsohon rauni ne, har na 1954 bai tsira ba: Japan ce kullum wadda aka zalunta, ba a jin ɗuriyar abin da sojojinta suka yi a Sin da Koriya da Filifin. Wanda ya taɓo wannan kai tsaye shi ne na Shusuke Kaneko na 2001, inda aka ce dodon rayukan waɗanda Yaƙin Pasifik, wato ɓangaren Japan na Yaƙin Duniya na Biyu, ya ci ne, sun dawo don ƙasar ta manta da su.

In za ka nemi na asalin, ka duba da kyau don ana yawan sayar da na 1956 da sunansa. Na gaskiyar minti 96 ne, da Japananci ake magana, yana farawa da rubutu a kan baƙin allo, ƙarar taku da kukan dodo na tashi kafin kiɗa ya shigo. In ka ga ya buɗe da Bature kwance cikin ɓaraguzan gini yana ba da labari da Turanci, wanda aka yi wa askin ne.